Turken Gindin Tsamiya

Janfalan, bayan an gama kaka

Zuwa ga Yayata Rahamatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da yara, da mutanen Gubuchi baki ɗaya. Talatu tana gaishe ki, ta ce daddawar da kika aiko ta iso. Allah ya jiƙan Malam da Inna da maigidanki, ya kyautata namu zuwan.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata a shagon caji take wuni, duk saƙon muryar da ya shigo sai rabin Janfalan sun ji shi kafin ni. Maganar gado ba ta shagon caji ba ce, shi ya sa na koma irin ta Malam, na ba direban da ke zuwa kasuwar Makarfi.

Yaya, fetur ya kusa kashe mana noman rani. Bara injin ban ruwa ya cinye tumatirin fadama tun kafin ya nuna. Bana kuwa ko tambayar kuɗin galan ba na son yi. Na yi shawara da kaina, na ga mafita ɗaya ce: in sayar da shanun huɗana guda biyu, a haƙa rijiyar burtsatse a fadamar Malam, a kafa farantan sola su riƙa jawo ruwa da hasken rana. Maƙwabcinmu Ja'afaru ya yi nasa, na tsaya da idona na ga ruwa yana zuba ba hayaƙi ba ƙara.

To amma fadamar ba tawa ba ce ni kaɗai. Mu biyu Malam ya bari, kuma har yau ba a raba ba. Ba zan soka ƙarfe a ƙasar da kike da haƙƙi a ciki ba sai da yardarki. Motar haƙa tana Ikara yanzu, an ce ƙarshen wata za ta wuce. Don Allah ki ba ni amsa ta hannun direban nan.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Haliru

*

Gubuchi

Haliru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe da kawunsu. Ka gaida Talatu, ka ce mata daddawar ta riƙa tsimi, ba kullum nake bugawa ba.

Na karanta takardarka har sau biyu, na sa gilashi na sake karantawa, ko zan ga abin da nake nema. Ka faɗi fetur, ka faɗi shanu, ka faɗi Ja'afaru, har motar Ikara ka faɗa. Abu ɗaya ka tsallake: a ina za a haƙa? Fadamar Malam ba tabarma ba ce, tana da gabas tana da yamma.

Ni na goya ka, Haliru, na san shirunka. Ka manta abin da Kawu Salman, ɗan'uwan Malam, ya yi? Rijiya ya gina a gandun kakanmu tun ba a raba ba, wai don amfanin kowa. Ranar rabo dattawa suka ce ai ba zai yiwu a kori mutum daga rijiyar da ya gina da guminsa ba, aka auna masa kasonsa a kewayenta. Malam ya tashi da jigawa, har ya bar duniya bai ƙara cin abinci a gidan Kawu ba. Haka ake yi a garinmu, ka sani na sani. Wanda ya haƙa, ya zaɓa.

Kuma ka san inda raina yake. Gefen tsamiya, gayaunar Inna, inda take sa a shuka mata albasa da yakuwa. A gabanka ta ce in an tashi rabo a bar mini nan. Kashi ɗaya ne nawa, biyu naka, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma ɗayan nan a gindin tsamiya nake son sa, don marayun nan su sami abin dafawa.

Sai magana ta biyu. Zulkifilu, ƙanin marigayi maigidana, wanda ke sayar da kayan sola a Kudan, ya zo gaishe ni na yi masa zancen. Ya ce kada a kuskura a saya yanzu. Wai wasu sababbin farantai suna hanya, sun fi ƙarfi sun fi araha, wanda ya saya yau zai yi kuka gobe. Shanu kuwa in sun shiga motar 'yan kudu ba sa dawowa. Mene ne na gaggawa?

Ka faɗa mini wurin tukuna.

Yayarka,
Rahamatu

*

Janfalan

Zuwa ga Yaya Rahamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta same ni, kuma wallahi ta yi mini ciwo. Ban taɓa zaton za a haɗa sunana da na Kawu Salman a layi ɗaya ba, balle daga hannunki.

Inda za a haƙa ba ni ke zaɓa ba. Akwai masu auna ƙasa da na'ura, inda suka ce akwai ruwa nan ake haƙawa.

Amma tunda zargi ya shigo, bari in ajiye nawa. Yaya, tun da kike kin taɓa ganin ɗan kasuwa ya ce kada a sayi kayansa? Mai gyaɗa ya ce gyaɗar gobe ta fi daɗi, a wuce? Ni ban taɓa gani ba. Ki tambayi Zulkifilu me ya kawo shi bakin fadamarmu kwanan baya, shi da wani mai noman rake daga Makarfi, suna tafe suna nuna iyaka da baki. Ko sallama bai yi mini ba, Ja'afaru ne ya gan su.

Ga yadda nake karanta abin. In ranin nan ya wuce ban sami ruwa ba, fadama za ta zama kango. Daga nan a zo miki da daɗin baki, a ce ƙaninki ya kasa, ki karɓi kasonki ki ba masu rake haya. Masu rake kuwa in sun shiga ƙasa, sai dai jikoki su yi shari'a. Araha da yake miki alkawari, shi ya san ranar zuwanta? Ya rantse miki? Yau a ce gobe, gobe a ce jibi, tumatir kuwa ba ya jin wannan yaren.

Motar haƙa ta kusa tashi. Ina roƙonki da girman Malam.

Ƙaninki mai biyayya,
Haliru

*

Gubuchi

Haliru,

Salamu alaikum. Gaisuwa kaɗan yau, raina a ɓace yake.

Wai inda masu na'ura suka ce! Sannu malam. Na aiki mutum ya duba mini. Masu na'urar sun riga sun zo tun kafin ka ɗauki biro ka rubuto mini takardar farko. Sun zagaya fadamar kaf, sun kafa turken ƙarfe da jan ƙyalle a kai. A ina? A gindin tsamiya, tsakiyar gayaunar Inna. Ka sani lokacin da kake ce mini ba za ka soka ƙarfe ba sai da yardata. Ƙarfen yana ƙasa kana rubutu.

Ban yarda ba. A raba tukuna, kowa ya san nasa, sannan mai haƙa ya haƙa. Na wakilta Liman ya tsaya mini duk ranar da ka shirya, ba sai na zo ba.

Maganar Zulkifilu kuma, zan tambaye shi. Amma shi dai bai kafa turke a gonar uwata ba.

Rahamatu

*

Kudan

Malam Haliru,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Matar yayana ta kira ni ta wanke ni tas, ta ce ka ce ina neman cinye muku fadama. Na yi ta kiran wayarka, wani mai caji ne ke ɗauka, shi ya sa na rubuto.

Malam, bari in gaya maka yadda kasuwar nan take, don ni a cikinta nake kwana. Akwai farantai a bayan shagona da na saro da tsada, ina murna na yi dabara. Kafin in sayar da rabi sai ga wasu sun shigo, sun fi su girma, sun fi su sauƙi. Yanzu nawa sun zama abin shanya barkono. Wani lokacin kuma sai dala ta tashi, komai ya haye sama, wanda ya jira ya ciji yatsa. Ba wanda ya san ranar da abin zai tsaya, ko manyanmu na Kano lalube suke. Abin da na sani, faranti da famfo ana kwance su a sayar ko da asara. Rami kuwa ba a ɗaukarsa a kai wani wuri. Shi ya sa na ce a bi a hankali. Har ma ana zancen wani ƙaramin famfo da ba ya bukatar babbar mota, a wuri mai damshi da hannu ake soka bututu. Ban gan shi ba tukuna, ji nake yi.

Zuwanmu fadama kuwa, hanya ce ta biyo da mu, abokina ya ce wurin ya burge shi. Shi ke nan. Ko da yake, tsakani da Allah, in wata rana an raba kuma Yaya tana son mai kama mata nata, ai gara na gida da bare. Wannan magana ce kawai.

Na gode. A gaida mutanen Janfalan.

Zulkifilu

*

Janfalan, ƙarshen rani

Zuwa ga Yaya Rahamatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Talatu da yara suna gaisuwa.

Na daɗe ban rubuto ba, don ban ga abin faɗa ba. Motar haƙa ta tafi. Na lallaɓa da injin fetur har tsakiyar rani, sannan na ɗaga hannu. Rabin tumatirin ya ƙone a tsaye yana fure. Albasar da na sa a gefen tsamiya ce kaɗai ta yi abin kirki, ga buhu ɗaya nan na ba direba, haƙƙinki ne.

Gaskiya ɗaya zan ba mutuminki Zulkifilu: farashin kayan ya sauka. Abin da Ja'afaru ya saya da tsada, yanzu a Ikara har roƙon mutane ake a ɗauka. A majalisa ana yi masa dariya, ana ce masa ya yi gaggawa. Shi ma dariyar yake, yana loda kwandunan tumatir a mota. Ni da na yi haƙuri na sami araha, ban san me zan loda ba.

Na saka miki takardar da Zulkifilu ya aiko mini a cikin wannan. Ki karanta ƙarshenta da gilashin nan naki.

Zancen turke, ban musa ba. Ruwan a gindin tsamiya yake, ba ni na ajiye shi ba. Na san in na faɗa tun farko za ki ce a'a, ga shi kuwa kin ce. Kin ce a raba, to in an raba yau gefen tsamiya naki ne, ni in tashi da tudu, ruwa yana wajenki shanu suna wajena. Wa ya ci riba? Shi ya sa ban kira Liman ba. Ki bari a haƙa, in tsaya gaban duk wanda kike so in ce ƙasar taki ce.

Kafin kaka mai zuwa nake son amsa.

Ƙaninki,
Haliru

*

Gubuchi, farkon kaka

Haliru ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya amfanin gona? Allah ya sa an samu. Ka gaida Talatu da kyau, ka ce albasa ta yi auki.

Na san na bar ka damina guda ba amsa. Kawu Salman ma ai a gaban mutane ya ce rijiyarsa ta kowa ce, shi ya sa alkawarinka bai kwantar mini da hankali ba. Ga Zulkifilu kullum da sabon labari: a ƙara jira, ƙaramin famfon nan ya kusa, wani ma ya fi shi yana tafe. Ni kuma duk saukar da kaya suka yi sai in ce ka gani, da mun yi da mun yi asara.

To jiya ido ya buɗe. Na je bikin suna a Makarfi, mata suna hira, sai na ji ashe tun kafin azumi Zulkifilu ya kafa wa abokinsa mai rake sola a gonarsa. Tun kafin azumi! Da tsofaffin farantan da ya ce sun zama na shanya barkono! Wato jira na matar yayansa ne, abokinsa kuwa a yi maza. Da yamma sai ga shi da lemo a leda, wai ya ji an kusa rabo, ko na yi tunanin wanda zai kama mini. Na ce ya ɗauki lemonsa. Ban sani ba ko tun farko da nufi ya yi, ko daga baya ne ido ya yi masa girma. Ko ma wanne ne, na gaji da zama ƙofar da ake leƙen gonar ubana ta ciki.

Ka haƙa. A gindin tsamiyar, inda turken yake. Ban ce na daina tsoro ba, amma in za a cuce ni gara wanda muka sha nono ɗaya.

Ka yi maza kafin motar ta cika da layi.

Yayarka,
Rahamatu

*

Janfalan

Zuwa ga Yaya Rahamatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, alhamdu lillahi a kan kowane hali.

Takardarki ta iso ranar da motar haƙa ta bar fadama. Ina tsaye ina kallon ƙurarta direba ya miƙo mini.

Da na ga damina ta wuce shiru, na ɗauka shirun ne amsa. Na kira Liman a madadinki kamar yadda kika ce, da Mai Unguwa, da Ja'afaru shaida. Aka ja igiya. Gefen tsamiya naki ne, daga bakin rafi har jikin aduwa, an kafa duwatsu. Ba wanda zai ƙara cewa Haliru ya bi sawun Kawu Salman. Na so Liman ya kawo miki labari da bakinsa, sai tafiya ta kama shi.

Shanun sun tafi. Na kai su kasuwa da kaina, Talatu ta shige ɗaki don kada ta ga fitarsu. Na sayi farantai da famfo, na kira mota ta haƙa a nawa kason, can tudu. Masu na'ura sun gaya mini tun farko cewa can ɗin babu tabbas. Na ji, amma wani ranin yana zuwa, kuma ba zan sake roƙo ba.

Yaya, dutse suka tarar. Suka yi ta ci, farar ƙura tana tashi kamar ana surfe, ina tsaye ina jiran ta yi duhu ta zama laka. Ba ta zama ba. Mai motar ya kashe inji ya ce, "Malam, mu dai mun yi namu." Haƙa ake biya, ba ruwa ba. Yanzu ina da rami a tudu da na rufe da tsohon kwano don kada akuya ta karye, ga farantai jingine a zaure, yara suna duba fuskarsu a ciki.

Don abin ya cika, ƙaramin famfon da ake ta zance ya iso Ikara a makon nan. Na je na gani. Gaskiya ne, a wuri mai damshi mutum uku da bututu sun isa, ba mota ba sayar da sa. Irin gindin tsamiya aka yi shi domin sa.

Na tuge turken. Ga shi nan na ba direba, da jan ƙyallensa. Ƙasarki ce, ba ni da abin da zan bari a ciki. In Zulkifilu ya dawo da lemo, shawara taki ce.

Ban riƙe ki a rai ba. Ina dai jin zafi, kuma ba zan ɓoye ba.

Ƙaninki,
Haliru

*

Gubuchi

Haliru,

Salamu alaikum. Na karanta. Na yi kukan shanun nan kamar mutane ne.

Direba bai sauke turken ba, na ce ya juya da shi. Ka mayar da shi ramin da ka tuge shi. Awakina suna bayan motar, ka kai su kasuwa, ka kira masu bututun. Farantan da ke zaure kuma a fito da su rana, ba madubi ba ne. Ruwan in ya fito, a ja shi har tudu.

Kada ka ce mini wata mai zuwa zai fi araha. Na sani. Kada ka jira.

Ranar da za a soka bututun zan zo da kaina. Ka dai kira Liman ya tsaya a wurin.

Yayarka,
Rahamatu